Motata tana shan ruwa kullum, amma ban ga inda yake zuba ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2006. Kusan wata biyu ke nan kowace safiya sai na ƙara mata ledar fiya wata ɗaya a lagireto, idan na yi doguwar tafiya har biyu take sha. Ban taɓa ganin ruwa a ƙasa inda take kwana ba. Wani bakanike ya ce a cire tamostat a zuba maganin toshe yoyo, wani kuma ya ce gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, sai an sauke top, wato kan injin. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka ɗauki maganar ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Ba wai na ce ba su san aiki ba ne, a'a, sai dai dukkansu sun rubuta magani tun ba su ga ciwon ba. Ruwa ba ya tsami banza. Hanyar ruwan inji a rufe take ruf, ba kamar fetur ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Lafiyayyar mota tana iya yin watanni ba a ɗiga mata ko kofi ɗaya ba. Taka kuwa, injinta na ɗaukar wajen lita shida da rabi, ledar fiya wata kuma rabin lita ce, ka ga a mako guda kana sake mata fiye da rabin ruwan cikinta. Wannan ruwan akwai ƙofar da yake bi ya fita, kuma aikin farko shi ne a gano ƙofar da ido, kafin a kwance ko noti ɗaya.

Sai ka fahimci abin da ya sa ba ka ganinsa a ƙasa, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100 idan a bakin teku ne. A Kano da ke kan tudu kaɗan yana tafasa wajen 98, a Jos kuma wajen 96. Injin mota kuwa yana aiki ne a tsakanin digiri 85 zuwa kusan 100, wato a bakin tafasa yake yini. Abin da ke hana ruwan tafasa shi ne matsi, wanda mu a gareji muke ce wa furesha. Murfin lagireto ne ke riƙe wannan matsin. Ka duba samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, ma'aunin matsin da yake iya riƙewa ke nan. Da murfi mai lamba 1.1, tsurar ruwa ma ba zai tafasa ba sai ya haura digiri 120. To, ƙaramar huda wadda ba ta fi tsinin allura ba, da safe inji na sanyi babu matsi, ba za ta ɗiga ba. Sai ka hau titi, inji ya ɗau zafi, matsi ya taru, sannan ta fara fesowa siriri. Ruwan ya sauka a kan ƙarfe mai zafi ya zama tururi, iska ta kwashe. Kana isa gida ka kashe mota, ta huce, huda ta yi shiru. Ka leƙa ƙasa ka ga wayam.

Amma ruwan ba ya tafiya bai bar sawu ba. Ka samu safiya kafin ka tayar da ita, ka buɗe bonet, ka ɗauki tocila ko fitilar waya, ka bi hanyar ruwan gaba ɗaya a natse. Abin da kake nema shi ne busasshen tabo: fari kamar kanwa, ko ja-ja kamar tsatsa, ko kore ko ruwan hoda idan akwai ragowar kulan, wato ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa, a ciki. Ka duba bakin kowane tiyo, da inda tankin roba na saman lagireto ya haɗu da alminiyam, da ƙasan famfon ruwa, da jikin bonet ta ciki, domin belt yakan watsa ruwa ya zana layi a wurin. Ka kuma sa hanci bayan ka dawo daga tafiya, kulan yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ba ya ɓuya. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. Idan ka ga ruwa fari tas marar wari ta ɓangaren fasinja bayan ka yi amfani da esi, wannan ba yoyo ba ne, ruwan esi ne, haka aka yi shi ya zuba.

Ni kullum daga murfi nake farawa, saboda shi ne mafi araha a duk jikin hanyar ruwan, kuma shi ne aka fi rainawa. Murfin nan ƙofa biyu gare shi. Ta farko tana buɗewa idan matsi ya wuce lambar da aka rubuta, ta tura rarar ruwa zuwa ƙaramar jarkar roba da ke gefe. Ta biyu, wadda ke tsakiya 'yar ƙarama, tana buɗewa idan inji ya huce, ta zuƙo ruwan nan ya dawo lagireto. Idan robar murfin ta tsattsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana tsiyayewa ta jarka a kan hanya. Idan kuma ƙaramar ƙofar ce ta lalace, ko siririn tiyon da ya haɗa lagireto da jarka ya tsage, ruwa zai fita amma ba zai dawo ba, sai ka tarar da jarka cike lagireto kuma ya yi ƙasa. Ka duba wannan da kyau, alama ce mai faɗin gaskiya. Akwai kuma masu cika jarkar har baki kowace safiya. Ruwa yana kumbura idan ya ji zafi, a inji irin naka yakan ƙaru da wajen rubu'in lita ko fiye, don haka aka yi wa jarkar layi biyu. Wanda ya cika ta fal, mota za ta zubar da rarar, gobe ya ga ya ragu ya sake cikawa, ya yi ta zargin motar da ba ta da laifi. Idan za ka sayi sabon murfi, ka sayi mai lambar da kamfani ya sa wa motar. Kada wani ya ce maka mai babbar lamba ya fi ƙarfi, tsofaffin tiyo da tsohon lagireto za ka ɗora wa nauyin da ba za su iya ba.

Idan murfi lafiya lau ne kuma ido bai kama komai ba, sai a koma ga abin da ya kamata a ce kowane gareji yana da shi: famfon gwajin matsi. Ɗan ƙaramin famfon hannu ne mai agogo, ana ɗaura shi a bakin lagireto a madadin murfi, inji na sanyi, a buga iska har allura ta kai lambar da ke kan murfin, kada a wuce. Sai a tsaya a zuba ido minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ka ga an kawo wa injin yanayin da yake shiga a kan titi, amma babu zafin da zai busar da ruwan, babu ƙarar da za ta hana ka jin tsiyaya. Hudar da ta yi wata biyu tana ɓuya, a nan take fitowa fili tana ɗiga. Idan allura ta tsaya cak ba ta sauka ba, galibi matsalar tana ga murfi ko jarka. Idan tana sauka kuma ga ruwa yana ɗiga, an gama, an ga wurin. Idan tana sauka amma waje a bushe, to ruwan ciki yake shiga, a nan ne maganar bakanike na biyu za ta fara samun gindin zama. Ka nemi garejin da ke da wannan famfon ko da zai fi maka nisa. Kuɗin gwajin bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sauke top ba.

Tiyo da kilif su ne suka fi yawan kawo mana aiki, kuma gyaransu ba wuya. Motar da ta kusa shekara ashirin, idan ba a taɓa canja mata tiyo ba, sun ci lokacinsu. Ka matsa kowanne da hannu inji na sanyi. Lafiyayye yana da tauri daidai, yana komawa yadda yake idan ka saki. Wanda ya yi laushi kamar dafaffen rogo, ko ya kumbura kusa da baki, ko ya bushe yana ƙaras-ƙaras, a canja shi, musamman wanda baƙin mai ya daɗe yana ɗiga a kansa, domin mai yana cin roba. Kilif ɗin asali na sifirin ya fi na sukuru kyau, saboda yana bin tiyo ya matse idan ya motsa da zafi da sanyi, amma sai ka ga an cire shi an yar don yana da wuyar kamawa da filaya, an ɗaura waya a wurin. Waya tana yanka tiyo. Kafin a sa sabo a kankare tsatsar da ke bakin bututun, idan ba haka ba sabon ma zai yi gumi a wurin.

Lagireto kuma sai mu yi dogon bayani, don an fi ɓata kuɗi a kansa. Irin na da, na Peugeot 504 da tsofaffin motocin ɗaukar kaya, tagulla ne, mai gyaran lagireto zai buɗe shi ya zura ƙarfe ya wanke kowane layi, ya liƙe huda da dalma, ya yi shekaru yana aiki. Na motarka ba haka yake ba: tsakiyarsa alminiyam ne, sama da ƙasa tankin roba, an haɗa su da wata robar zobe aka lanƙwasa ƙananan haƙora suka danne. Tankin saman nan baƙi ne idan sabo ne. Idan ka ga ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, zafi ya dafa shi, ya zama kamar busasshiyar ƙwarya. Yakan tsage siriri kusa da wuyan murfi ko inda babban tiyo na sama yake shiga, domin nan ne ruwa mafi zafi yake fara sauka. Araldite ko gam da toka ba sa riƙe irin wannan robar na dogon lokaci, tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, gam ɗin ya ɓanɓare. Zai iya kai ka gida, amma ba gyara ba ne. Idan yoyon ta wajen haƙoran ne kuma tankin da sauran ransa, gwanin lagireto yana iya canja robar ya sake matsewa, ko ya canja tankin ɗungurungum. Idan alminiyam ɗin ne ya ruɓe wuri biyu uku, ka haƙura ka sayi wani. Toshe layukan da suka huje da filaya yana tsayar da ruwa, amma kowane layi da aka kashe an rage wa motar numfashi ke nan, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, za ka ji a jikinka. In za ka sayi na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kada ka biya sai an toshe bakunansa, an hura masa iska, an nutsa shi cikin ruwa a gabanka ka ga babu kumfa. Ka kuma leƙa cikinsa, wanda ya cika da farin datti ba shi da amfani ko da ba ya yoyo.

Idan motarka otomatik ce, akwai wani abu da za ka duba tun yau. A cikin tankin ƙasa na lagireto akwai ɗan bututu da man giya ke bi ya huce. Idan ya huje, ruwa da man giya za su gauraya. Ka zaro sandar gwajin man giya: idan maimakon ja ka ga ya zama kamar yogot mai launin hoda, kada ka ƙara tuƙa ta ko zuwa bakin layi, domin ruwa yana ɓanɓare fatun kuloci na cikin giya.

Famfon ruwa yana da wani ɗan rami a ƙasansa da kamfani ya yi da gangan. Idan sil ɗin ciki ya fara mutuwa, ta nan ruwa ke fitowa don ya sanar da kai. A injin Corolla irin taka famfon yana gefen fasinja, belt ɗin waje ne ke juya shi, sai an leƙa ta ƙasa ko an sa ɗan madubi ake ganin ramin. Busasshen tabo kaɗan ba komai, amma layi mai kauri da ya gangaro, ko ƙarar gurnani daga wurin, ko fule ɗin da ke girgiza idan an cire belt an kama shi da hannu, duk suna nufin a canja famfo. Ba a gyara shi. Yoyon famfo ya fi zuwa ne inji na juyawa, shi ya sa yana cikin waɗanda na fi zargi a motar da ba ta jiƙa ƙasa.

Akwai wuraren ɓoye da ake mantawa. Hita tana da ɗan ƙaramin lagiretonta a bayan dashbod, idan ya huje ruwan cikin mota yake sauka, kafet ya shanye. Ka ɗaga tabarmar ƙafar fasinja ka taɓa, ka kuma lura ko gilashin gaba yana yin wani hazo mai maiƙo. Idan shi ne kuma babu kuɗin kwance dashbod yanzu, ana iya haɗa tiyoyinsa biyu da juna a bar shi a gefe, sai dai ka rasa hita lokacin hunturu da damina. A jikin bulok kuma akwai wasu murafan ƙarfe masu kama da kwabo da aka toshe ramuka da su, tsurar ruwa yana cinye su ta ciki har su huje, wasu suna bayan inji inda ido ba ya kaiwa. Masu Golf da Sharan su kuma su riƙa duba mahaɗin roba da ke gefen top, inda tiyoyi suke taruwa, idan ya tsufa yakan lanƙwashe ya fara gumi.

Yanzu maganar gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin top da bulok tana hana ruwa da baƙin mai da hayaƙin silinda haɗuwa. Ba a yanke masa hukunci da ka, yana da shaidu. Ka tayar da mota da safe murfi a buɗe, ruwa cike har wuya: idan kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa tun inji bai yi zafi ba, ko ruwan yana tunkuɗowa sama idan an taka totur kaɗan, hayaƙin silinda ne ke shiga hanyar ruwa. Ka rufe murfin ka sake tayarwa: idan babban tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, shi ma haka ne. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, inji yana rawa da safe na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya daidaita, fulogi ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da duhu, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara a jikin sandar gwaji, duk shaidu ne. Ɗan farin tururi da sanyin safiya lokacin hunturu ba ya cikin lissafi. Akwai kuma wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin kwalba, idan akwai hayaƙin inji a ciki sai ya rikiɗe ya koma rawaya. Ba ka ce mini motarka tana yin zafi ko tana rawa ba, don haka ban sa gasket a gaba ba, amma rashin shaida ɗaya ba ya wanke shi, gasket na iya ƙonewa baƙin mai yana nan tas.

Idan ta tabbata shi ne, ina roƙonka kada ka yarda a yi aikin gaggawa. Top ɗin alminiyam ne, idan ya sha zafi yakan bauɗe. Sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an auna, abin da kamfanoni ke yarda da shi bai wuce 0.05 zuwa 0.1 na milimita ba, wato kaurin gashin kai. In ya wuce haka a kai wa masu injin gogewa su daidaita fuskarsa, su kuma gwada ko ya tsage. A sa gasket mai kyau, a ɗaure notuna da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, bi da bi yadda littafin motar ya tsara, ba da ƙarfin dantse da dogon bututu ba. Sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, domin gasket ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba. An taɓa kawo mini wata mota da aka sauke wa top sau biyu cikin wata uku a wani gareji, mai ita har ya fara neman mai saye. Da muka buga mata iska, sai ga wani ɗan tiyo da bai fi tsawon yatsa ba a ƙarƙashin maƙogwaron iska yana fesa ruwa. Shi ne ya ƙona gasket na farko, shi ne ya ƙona na biyu, kuma da ba a gan shi ba da ya ƙona na uku. Har yau idan na tuna kuɗin da bawan Allah nan ya kashe sai raina ya ɓaci.

Maganin toshe yoyo da aka ce ka zuba, da 'yan'uwansa na gargajiya irin su ɗanyen ƙwai, garin barkono, garin taba ko sabulu, duk aikinsu ɗaya: su bi ruwa su maƙale a ƙaramar ƙofa. Matsalar ita ce ba su san wace ƙofa ce huda ba, wace ce hanya. Layukan lagireton zamani sirara ne ƙwarai, na hita sun fi su sirantaka. Ka toshe yoyo yau, bayan wata biyu mota ta fara zafi a go-sulo saboda rabin lagireto ya cushe, an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ban hana wanda dare ya yi masa a daji ya zuba na kanti don ya isa gari ba, amma yana isa a wanke a yi gyaran gaskiya. Kai da motarka ke gida kana da lokaci, ba ka da hujjar zuba shi.

Cire tamostat kuwa ba shi da wata alaƙa da yoyo ko kaɗan. Na san an daɗe ana cewa na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa, har ana cire shi tun ranar da mota ta iso daga Kwatano, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ina da dalili. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma ba mu fi su zafi ba. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, a Toyota da yawa yana fara buɗewa a digiri 82, daga nan ya bar ruwa ya wuce. Idan babu shi, inji zai daɗe yana sanyi, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara fetur, baƙin mai ya ƙi yin zafin da zai kore danshi, silinda ta riƙa ci da wuri. A wasu injinan ma shi ne ke rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji idan ya buɗe, in aka cire shi sai wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa a ciki bai je lagireto ba, mota ta yi zafi a Hawan Kibo alhali an ce an yi mata maganin zafi. Idan ana zarginsa, a jefa shi cikin tafasasshen ruwa a ga ko zai buɗe. In ya ƙi, a sa sabo.

Sai abin da kake zubawa. Wata biyu kana ɗura fiya wata, yanzu kusan babu sauran kulan a injinka. Mutane suna ɗauka kulan don hana daskarewa kawai aka yi shi. Yana yin wannan, amma abin da ya shafe mu shi ne maganin tsatsa da ke cikinsa, da kuma ɗaga ma'aunin tafasa: haɗin rabi da rabi yana kai wa wajen digiri 107 kafin ya tafasa ko babu murfi. Ruwan rijiya da na burtsatse sun fi illa, ka dubi farin dattin da ke kama cikin butar shayi, irinsa ne ke kama layukan lagireto. Tsurar ruwa shi ke cin fuka-fukan famfo, ya ci murafan bulok, ya ci bakin bututu, wato shi da kansa yake haƙa hudojin da zai bi ya fita nan gaba. Bayan an gama gyara a wanke hanyar da ruwa mai tsabta har ya fito fari, sannan a zuba kulan na kirki. Na Toyota ja ne ko ruwan hoda, mai ruwan hodan a haɗe yake zuwa ba a ƙara masa ruwa. Idan mai kauri ka saya, ka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata tsurar ruwa ne, ba mai asid ba. Kada launi ya ruɗe ka, akwai jarkoki masu araha a kasuwa da ba su wuce ruwa da kala ba, ka saya a wurin wanda ka amince da shi. Kada kuma ka gauraya iri biyu da ba ka san asalinsu ba.

Wajen cikawa a kula da iska. A ajiye motar gabanta ya ɗan ɗaga, a murɗa hita zuwa zafi, a zuba a hankali ana matsa babban tiyo, a tayar da inji murfi a buɗe har tamostat ya buɗe, za ka ga ruwan ya faɗa ƙasa, a ƙara, a rufe, a jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Washegari da safe a sake dubawa a cike gurbin. Motoci irin Peugeot 406 suna da ƙananan sukurori na fitar da iska, dole a buɗe su. Tsohon kulan da aka juye kuma a tara shi a jarka mai murfi. Sinadarin da ke cikinsa, etilin gilaikol, guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi, kyanwa da kare da akuya suna lasa, yaro ma zai iya sha. Kada a bar shi a buɗaɗɗen bokiti a tsakar gida, kada a zuba shi a gorar lemo. In yaro ya sha, a garzaya asibiti nan take ko da bai nuna alamar komai ba.

Kafin ka samu zuwa gareji, ka riƙa tafiya da jarkar ruwa a but, idonka na kan allurar zafi. Ka sani kuma idan ruwa ya yi ƙasa sosai allurar tana iya yin ƙarya, domin abin awon ba ya cikin ruwa. In ta haura, ka kashe esi, ka kunna hita har ƙarshe, ka gangara gefe ka kashe inji. Kada ka taɓa murfin nan sai bayan aƙalla rabin awa, sai tiyon sama ya yi laushi ka iya riƙe shi da hannu, sannan ka ɗora tsumma mai kauri ka murɗa zuwa gaɓar farko, fuskarka a gefe. Na ga yaran gareji da direbobi da tafasasshen ruwa ya saɓule wa fatar hannu da ƙirji, abin ba kyan gani. Kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, top na iya tsagewa. Idan tiyo ne ya fashe kusa da baki, ka yanke wurin ka tura sauran ka ɗaure. In a tsakiya ne, ka naɗe shi tam da robar tsohon tib, ka bar murfin a gaɓar farko don kada matsi ya taru, ka tafi a hankali kana tsayawa kana ƙarawa har gari na gaba.

Bisa abin da ka bayyana, rabin lita a rana, ƙari idan tafiya ta yi nisa, ƙasa a bushe, kuma shekarun motar, zargina ya fi karkata ga murfi, ko tsagewar tankin saman lagireto, ko famfon ruwa. Gobe da safe ka duba murfi da jarka da tabon da na faɗa maka, ka zaro sandar baƙin mai da ta man giya ka ga launinsu, daga nan ka wuce wurin mai famfon gwaji ka tsaya a kansa har a nuna maka ɗigon da idonka. Bayan gyara ka manna ɗan salatif a jikin jarka daidai inda ruwan ya tsaya da safe, ka riƙa dubawa kullum kafin ka tayar da ita har mako biyu. Idan ya sauka ƙasa da salatif ɗin bayan kwana biyun farko, akwai huda ta biyu, ka mayar da ita a sake buga mata iska. Allah ya sa a dace.